Ruwan da Ke Cika Sau Biyu

Talata, bayan sallar magariba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya kuma iskar wurin nan da na ji tana shiga har ƙashi? Allah ya sa lafiya lau kake, amin.

Baffa, kafin komai ina neman afuwarka. Na san ba girmana ba ne in ɗauki alƙalami in rubuto maka, alhali ba ka san ni ba, kuma ba wanda ya aike ni. Sau uku ina farawa ina yagewa. Ka yi haƙuri da takardar ma, daga tsakiyar littafin makarantata na ciro ta. Ni ce 'yar Yayanka ta uku, wadda ka bari a goye lokacin da ka bar gida. Yanzu ina aji biyar na sakandare. Kaka ce ta sa min suna Shiru-shiru, ya kuma bi ni har makaranta. An ce saƙon rasuwarta ya iso maka bayan an yi sati biyu. Ina yi maka ta'aziyya, Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Muna garinku, ni da Baba. Yau da yamma muka iso, bayan kwana biyu a hanya. Motar ƙarshe da muka shiga mu huɗu ne kawai a cikinta, da ta kawo mu kuma direban ya juya nan take, ya ce daga nan babu sauran titi sai ruwa. Mun sauka a masaukin da ke bayan ɗakin ƙanƙara, mai ƙofar da sai an ɗaga ta take buɗewa. Tagar ɗakinmu bango take kallo, teku ba ya ganuwa, sai dai ƙamshin gishiri da ƙarnin kifi, da yashi har a kan zanin gado. Duk wanda muka tambaya ya san ka. Suna cewa, ai Mai Fitila, ga shi can, su nuna mana tsibirin da hasumiyarka mai haska wa jiragen ruwa hanya take.

Dalilin zuwanmu shi ne filafilin kakanmu, wanda yake tuƙa kwale-kwale da shi. Kwana biyu kafin Kaka ta cika ta sa aka sauko da shi daga rufin ɗaki, ta ɗora shi a cinyar Baba, ta ce ya kai maka da ƙafarsa, ya ba ka hannu da hannu. Ni aka haɗo shi da ni saboda gwiwarsa ta hagu, ni nake gasa masa ita da ruwan zafi.

Ban zo da maganar abin da ke tsakaninku ba, ba ni da bakin yin ta. Abin da na sani kaɗan ne, Kaka ta faɗa min wata rana ina yanke mata farce. Ta ce kwale-kwale ya taɓa kifewa a hannunka da kayan mutane, ba a rasa rai ba, amma Baba ya tsaya a mashigi gaban jama'a ya ce maka ba ka san ruwa ba, kuma ba za ka taɓa saninsa ba. Ta ce ka ajiye gorar tuƙi a bakin gaɓa, ba ka ko shiga gida ba. Shekara goma sha huɗu ke nan. Ka yafe min da na tono wannan, sai da na faɗe shi za ka gane tsorona.

Da muka sauka daga mota Baba ya ce mu fara ganin ruwa. Muka gangara har ƙarshen titi, inda ake shanya komar kifi a kan katanga, sai muka tarar ruwan ya janye can nesa. Jiragen masunta suna kwance a kan yashi, ga kuma hanyar duwatsu a bushe daga bakin gari har tsibirinka. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mun taki sa'a, ranin ruwansu muka tarar.

A masauki ya tambayi matar gidan yaushe ruwa ke rufe hanyar. Tana juya kifi a kasko ta ce masa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa. Baba ya ce, "Ikon Allah, namu sau ɗaya ne, sai damina ta yi nisa." Ita kuma mai ya fantsar mata a hannu, ta ce ikon Allah kam, ta ci gaba da aikinta.

Baffa, Baba ya ɗauka sau biyu a shekara take nufi.

Ni na san sau biyu a yini ne, an koya mana a darasin labarin ƙasa, har zanen yana cikin littafin da na yagi wannan takardar. Amma ka san Yayanka. Shekara talatin da biyar yana fito da mutane a kogin garinmu, da launin ruwa kawai yake gane an yi ruwan sama a wani gari kwana uku da suka wuce. A gidanmu ana yi masa gyara a lissafi, ana yi masa a karatu, ba a yi masa a ruwa. Duk da haka na daure, da ina gasa masa gwiwa na ce, Baba, a makaranta an ce wata ne ke jan ruwan teku ya sake shi kullum. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wata? Da guga yake ja ko da igiya?" Daga nan na ci gaba da gasa gwiwar.

Na ce ko mu shiga jirgi. Ya ce Kaka da ƙafarsa ta ce, kuma shi ba za a yi fito da shi a kan busasshiyar ƙasa ba, yara su yi masa waƙa. Ya yanke gobe da hantsi za mu taka, bayan ya yi wanka an goge masa riga, don ba zai yi wa ƙaninsa sammako kamar mai neman wuta ba. Na yi lissafi a bayan littafina. Ruwan zai janye da asuba, da hantsi kuwa yana hanyar dawowa.

Matar gidan ta ce akwai wata mata mai kai maka biredi da asuba idan hanya ta buɗe, ita zan ba wannan. Ina roƙonka don Allah ka aiko da kalma ɗaya, ka ce ya jira yamma, ko ka ce ba ka nan sai yamma. Ko fushi zai yi, zai zauna.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai biyayya,
Shiru-shiru


Laraba, ƙarfe takwas saura

Baffa,

Assalamu alaikum, ina kwana, da fatan ka tashi lafiya. Ka gafarci rubutun, a tsaye nake yi a bayan ƙofa, gawayin dutsen guga yana kamawa.

Mai biredi ta dawo. Ta ce ta ba ka hannu da hannu, ka karanta layin farko, ka ninke, ka sa a aljihu, ka hau bene ba ka ce komai ba. Ba na ganin laifinka. Wataƙila da ni ce ma haka zan yi.

Abin ya ƙara ɓaci. Bayan sallar asuba Baba ya fita shi kaɗai ya je ya duba, ya tarar da hanya a bushe kamar jiya, har ya hango mai biredi tana tafe a kai da tirenta. Ya dawo yana murmushi ya ce min, "'Yar boko, jiya da yamma a bushe, yau da asuba a bushe. Watan naki ya makara ne?" Sau biyu ya duba, sau biyun kuma ya faɗa daidai lokacin janyewa. Da me zan musa wa abin da idonsa ya gani?

Matar gidan ta tafi bakin ruwa sarin kifi tun duhu. Na roƙi mai biredi ta yi masa magana, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, Malam, kar ka taka yashin nan sai bayan la'asar. Yana banɗaki ya ce ya ji, ya gode. Da ya fito ya ce min matan garin nan suna da kirki, tsoro suke rana ta buge shi.

Na ɓata lokaci iya yina. Na zubar da ruwan wankan farko na ce ƙwaro ya faɗa. Na ɓoye takalminsa ɗaya, ya ce zai tafi da silifa, na fito da shi. Allah ya yafe min, ban taɓa yi masa irin wannan ba.

Idan ya fita zan bi shi. Ban iya iyo ba, Baba bai koya wa 'ya'ya mata ba, amma ba zan iya zama a ɗaki ina sauraro ba. Zan sa mayafina ruwan ƙwai don ya ganu daga nesa. Wani tsoho mai gyaran koma ya ce da ruwa ya taɓa jirginsa zai fita ta gefen tsibirinka, shi zan ba wannan, ko da yake na san kafin ta iso ka mun yi nisa.

An ce daga saman hasumiyarka ana ganin hanyar duka. Ko ba ka amsa ba, Baffa, don Allah ka leƙo.

Yana kirana.

'Yarka,
Shiru-shiru


Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiya, ina fatan ka koma lafiya, kuma tafin hannunka da na ga igiya ta yanka bai yi tsanani ba. Mu alhamdu lillahi. Baba yana kwance, gwiwar ta kumbura kamar tulu, amma ya sha shayi, zazzaɓi bai zo ba. Matar gidan ta yi ta faɗa tana kuka tana shanya mana kaya, ta ce da ta san haka ya fahimce ta da ta bar kifin ya ƙone.

A jirgi na kasa ce maka komai, ko na gode ban ce ba. Ka tambaye ni, ke ce mai rubutun, na ɗaga kai kawai, haƙorana suna haɗuwa. Shi ya sa na sake ɗaukar alƙalami. Akwai abin da ka hango daga nesa amma ba ka ji ba, kuma ina ganin ya kamata ka ji.

Mun taka hanyar takwas da rabi ta wuce. Baba yana gaba da farar rigarsa, yana dogara filafilin kamar sanda, ni ina baya. Da farko har na fara jin kunyar kaina, domin yashin a bushe yake, ƙananan ƙaguwa suna ta gudu, rana ta fito sarai babu ko gajimare. Baba yana ta nuna min sama yana cewa ruwa ba ya ƙaruwa sai da dalili, ina hadari, ina kumfa, ina itacen da ambaliya ke turowa gaba. Duk alamun da ya sani ya duba, babu ko ɗaya.

Gwiwar ce ta fara ba mu matsala. Tafiyar da mai biredi ta ce minti arba'in ce, mun ci fiye da haka ba mu kai rabi ba. Ni kuma ina ta waiwaye. Baba gaba yake kallo, kamar yadda mai kogi ke kallon inda ruwa ke gangarowa. Wannan kuwa ta gefe ya zo, ta dama da ta hagu lokaci guda, siriri kamar an zubar da ruwan wanki, ba ƙara ba komai. Na ga ya haɗe a bayanmu, ya shafe sawunmu. Na ce Baba. Bai ji ba. Na sake cewa Baba, sai da ya taɓa idon sawunsa sannan ya tsaya.

Ya duƙa ya sa hannu a ciki, ya daɗe. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ce a hankali, wannan ruwan hawa yake. Kafin mu kai tulin duwatsun nan na tsakiya mai turken ƙarfe, ruwan ya kai min gwiwa, yana jan zanina. Na kama turken na hau. Baba bai hau ba. Ya auna tsibirinka da ido, ya naɗe riga, ya ce saura kaɗan, za mu yanka a karkace mu bi ƙarfin ruwan kamar yadda ake yi a mashigi, in riƙe bayan rigarsa kawai. Ni kuwa ina ganin gaban ya fi zurfi, launinsa har ya koma kore, kuma na san ba tsayawa zai yi ba, saura awa uku yana hawa.

Baffa, a nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na riƙe turken da hannu ɗaya, na damƙi wuyan rigarsa da ɗayan, na ɗaga murya irin wadda ban san ina da ita ba, na ce, "Baba, ba ka san ruwan nan ba!"

Wallahi ban shirya ba, ban kuma tuna da labarin Kaka ba sai da maganar ta fita. Ya juyo ya kalle ni. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, na rufe ido. Da na buɗe na ga ba ni yake kallo ba, hasumiyarka yake kallo ta saman kaina, ruwa yana dukan cinyarsa, bakinsa yana motsi ba sauti. Sannan ya miƙo min filafilin, ya kama turken, ya ja jikinsa ya hau.

Shi ya cire mayafin daga kaina ya ɗaura a kan filafilin, ya ɗaga sama. Hannunsa ya gaji ya sauya, ya gaji ya sauya. Ruwa ya rufe duwatsun, ya kai min ƙugu, kowace igiyar ruwa sai ta ɗaga ni ta ajiye. Ya sa ni tsakaninsa da turken, ya zagaye ni da hannu ɗaya. Na ce masa na rubuta maka takarda jiya ba da izininsa ba. Ya ce me ka ce. Na ce ba ka ce komai ba. Ya ce, "Yana da gaskiya." Bai ƙara ba, sai salati muke yi, har na ji ƙarar injin.

Sauran ka sani. Amma ban san ko ka lura da abu ɗaya ba, don hankalinka yana kan duwatsun da ke ƙarƙashin jirgi. Da ka kashe injin ka kasa matsowa, ka ce Yaya miƙo, Baba ya miƙa maka filafilin, ka kama ɗaya bakin, da shi ka jawo jirgin har jikinmu. Yana hannunsa yana hannunka. Ni dai a wurina saƙon Kaka ya isa yadda ta ce, ko da ƙafar ba ta ƙarasa ba. Na ga kuma da ka sauke mu a bakin gari ba ka mayar masa ba, ka shimfiɗa shi a cikin jirgi ka juya.

Daga turken har gaɓa ban ji kun ce wa juna komai ba bayan wannan miƙo ɗin. Na yi ta jira. Tsohon mai gyaran koma ya ce min tun bakwai na safe ya hango ka a saman hasumiya da madubin hangen nesa, kuma jirginka yana ɗaure a ƙasan matakala da injin a jiki, abin da ba ka saba ba. Ban faɗa wa Baba ba. In ka ce in faɗa, zan faɗa.

Ɗazu bayan azahar ina gasa masa gwiwa ya ce in ɗauko littafin nan. Na ɗauko, na ɗauka maganar abin da na faɗa masa ce. Sai ya ce in nuna masa zanen watan. Na yi masa bayani sau biyu, yana bin layin da yatsa. Ya ce to shi dai bai ga igiyar ba har yanzu, amma ya ji jan ta a ƙafarsa. Ya ce ashe idan aka ce sau biyu sai mutum ya tambaya, a me.

Sannan ya juya fuska bango, ya ce tunda na iya aika takarda a ɓoye, in aika wannan a sarari. Na ce me zan rubuta. Bai juyo ba. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ce masa ya san ruwa. Ce masa a gaban mutane na faɗi waccan, wannan ma in ya so a gaban mutane zan faɗa."

Motarmu gobe ƙarfe tara take tashi, wata kuma sai Asabar. Baba ba zai iya taka hanyar ba, ko tsakar gida da kyar yake kaiwa. Na sake yin lissafi, na kai wa mai biredi ta duba, ta ce daidai ne, gobe hanya za ta buɗe tun kafin shida, ba za ta rufe ba sai wajen goma. Ban ce ka zo ba, Baffa, ba ni da wannan hurumin. Na dai ji Baba yana tambayar matar gidan ko tana da kofin shayi na uku.

Mayafina yana ɗaure a filafilin, ka bar shi a wurinka, ina da wani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi yi min nauyi. Ko ka zo gobe na san kaina, gaisuwa kawai zan iya, in sunkuyar da kai. A takarda ne bakina yake buɗewa. Ina da tambayoyi a kan fitilar, da yadda kake sanin lokacin ruwa ba tare da littafi ba, ina kuma da labaran Kaka na shekarun da ba ka nan, waɗanda ni kaɗai ta faɗa wa. Idan ba zai zama rashin kunya ba, ina neman izininka in riƙa rubuto maka daga gida. Ba sai ka amsa da dogon rubutu ba. In ka yarda, ka ce wa mai biredi to, za ta faɗa min kafin mota ta tashi.

Allah ya saka maka da alheri, ya tsare ka a kan ruwa da bayansa.

'Yarka mai jiran izini,
Shiru-shiru